Maganin Mantau

Ranar da kwalbar maganin ta ɓace karo na farko, Mantau ta zazzage ɗakin kaf. Ta ɗaga katifa, ta juye jakar makaranta a ƙasa, ta laluba aljihun duk rigar da ta sa a satin. Ta tsinci alƙaluman biro da ta daɗe da haƙura da su, da katin ɗakin karatu da aka taɓa cin ta tara a kansa, da ɗan kunne ƙwaya ɗaya. Kwalba kuwa ko sama ko ƙasa.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da tsumma.

"Yau kuma me aka jefar?"

"Maganina, Mama. A kan taga na ajiye shi, na tabbata."

"Kin tabbata," in ji Mama. "Ke da kika taɓa tayar da gidan nan kina neman wayarki alhali tana manne a kunnenki?"

Daga falo Yaya ya ɗaga murya yana dariya: "Ku duba cikin firji! Can ta ajiye makullin gida wancan watan."

Mantau ta je ta duba firjin. Ta san ba'a yake yi mata, amma ta duba, domin makullin a can ɗin aka same shi.

Mantau ba sunanta ba ne, amma tun tana firamare ba a kiranta da wani suna a gidan. Yanzu shekarunta ashirin, tana aji biyu a kwalejin horar da malamai, ranar Asabar kuma tana aiki a shagon ɗab'i da kwafin takardu da ke bakin ƙofar kwalejin. Wata malama ce ta lura da ita: a aji ita ce ta fi kowa tambaya mai ma'ana, a takarda kuma ita ce ke barin amsa a tsakiyar jimla. Malamar ta tura ta asibitin kwaleji, su kuma suka tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya zauna da ita zama bayan zama, ya yi mata tambayoyi har kan ƙuruciyarta, sannan ya ajiye biro.

"Ana ce masa ADHD," ya ce mata. "Ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Hankalinki ne ba ya iya tsayawa inda kika ajiye shi. Akwai masu shi da yawa, akwai kuma abin da ake yi."

A motar haya ta yi kukan, ta juya fuska wajen taga don kada a gani. Duk rayuwarta ta ɗauka ita ce dai ba ta da kirki.

Da ta kai labari gida tare da maganin da likita ya rubuta mata, Baba ko kallon kwalbar bai yi ba. "A zuriyarmu babu mai taɓin hankali," ya ce, ya ƙara ƙarar talabijin. Mama ce ta karɓa, ta juya kwalbar gaba da baya, ta miƙo mata.

"To, Allah ya sawwaƙe."

Mantau ta ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Makonnin da ta sha maganin ba wani abin al'ajabi ya faru ba. Ta karanta babi guda daga farko har ƙarshe ba ta tashi ba. Ta wuce shagon kayan kwalliya da albashinta a asusu, ta ji sha'awar ta taso, ta kuma ji ta lafa. Ƙawarta Doguwa, wadda suke zama benci ɗaya tun shigarsu kwaleji, ta ba ta labari mai tsawo kan rashin lafiyar mahaifinta, Mantau ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Doguwa ta kalle ta ta ce, "Ke yau lafiyarki kuwa?" Suka yi dariya.

Sai kwalba ta ɓace.

Likita ya saurare ta, ya girgiza kai. Irin wannan magani, ya ce, ba a ba da shi sau biyu a wata ɗaya, doka ce, sai ta jira lokacinta. Bai yi mata faɗa ba, amma ta ga ya rubuta wani abu a fayil ɗinta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kwanakin jira suka mayar da ita gidan jiya. Ta ɗora ruwa a wuta ta tafi ɗauko ashana da ba ta buƙata, ta dawo ta tarar da tukunya ta ƙone. Ta shiga kanti sayen sabulu ta fito da littafin rubutu mai kyan bango da fitilar karatu, babu sabulu. A shago ta kwafe wa wani mutum shafi guda sau da yawa, ta bar sauran shafukan, maigidan ya cire kuɗin takardun daga ladanta. Saƙonnin Doguwa suka taru a waya. Ta karanta kowanne, ta amsa shi a zuciyarta, ta ɗauka ta tura.

Da lokacin karɓar magani ya zagayo, abin da ya rage mata shi ne kuɗin da ta ware na rajistar jarabawa. Ta tsaya a gaban kantin magani tana ja da kanta. Idan ba ta sha ba, wace jarabawar za ta rubuta? Ta saya, ta ce a ranta albashi mai zuwa zai cike gurbin.

Wannan karon ba ta ajiye a kan taga ba. Ta cusa kwalbar cikin safa, ta tura safar can ƙarshen durowa, ƙarƙashin tsofaffin littattafai. Kullum da safe takan taɓa ta sau biyu kafin ta fita. Ba a cika sati ba, ta dawo daga kwaleji ta sa hannu, ta zaro safa babu komai a ciki.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna a ƙasa da safar a hannu tana bin safiyar daki-daki. Ta sha, ta rufe murfin, ta mayar. Ta mayar kuwa? Ko da ita ta fita? Ko ta haɗa da shara lokacin da take sauri? Tana iya ganin hannunta yana mayar da kwalbar, amma ta san hankalinta ya sha nuna mata abin da bai faru ba. Ta je ta tona kwandon shara da hannu. Ta dawo ɗaki ta rufe ƙofa ta dinga dukan kanta da tafin hannu, a hankali don kada a ji.

Rajista ta kusa rufewa, albashi bai shigo ba. Dole ta je wurin Baba. Yana zaune a falo yana shan shayi, Yaya na gefe yana danna waya.

"Ina kuɗin da kika ce kin ware?"

"Na sayi magani da su, Baba."

"Madalla. Ina maganin?"

Mantau ta ji Mama ta daina wanke-wanke a kicin.

"Da ke nake. Ina maganin?"

"Ya ɓace."

Yaya ya tuntsire da dariya har wayar ta kusa faɗuwa. Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye kofi ya miƙa hannu.

"Kawo katin bankinki. Zan biya rajista, amma daga yau ba ki ƙara riƙe ko sisi. Wanda bai iya riƙe kwalba ba, ba zai riƙe kuɗi ba. Yayanki zai riƙe miki."

Daga ranar, kullum da safe sai ta tsaya a ƙofar ɗakin Yaya ta jira ya farka ya ba ta kuɗin mota. Wani lokaci ya bayar, wani lokaci ya ce, "Ba jiya na ba ki har da na yau ba?" Ba ta iya musu, don ba ta da tabbas. Saƙon banki yana shigowa wayarta: an cire a gidan mai, an cire a shagon aski. Ranar da ta yi ƙarfin halin nuna masa, bai ko ɗago kai ba.

"To da a hannunki suke fa? Da yanzu kin sayo fitila ta biyu. Gara ni, abin amfani na yi da su. Ba a babur ɗin nake kai ki wani lokaci ba?"

Sau ɗaya ya taɓa kai ta.

Abin da ya raba ta da Doguwa aikin haɗin gwiwa ne. An ba su su biyu, suka yi shi tare, ya yi kyau, kuma mafi yawan dabarun da ke ciki na Mantau ne. Ranar miƙawa ta faɗo daidai da ranar da za a yi wa mahaifin Doguwa aiki a asibiti. Doguwa ta damƙa mata takardun ta riƙe hannunta.

"Don Allah, ƙawata. Abu ɗaya ne kawai. Ki kai ofishin malam kafin a tashi."

Mantau ta nufi ofishin. A hanya ta ga sanarwar jadawalin jarabawa, ta tsaya kwafewa, wata ta tambaye ta hanyar ɗakin karatu, ta raka ta, ta tuna tana da littafin da za ta mayar. Sai da ta isa gida ta buɗe jaka ta ga takardun suna kallonta. Washegari malam ya ƙi karɓa.

Doguwa ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi.

"Babana yana kwance, ko saƙo ɗaya ba ki amsa min ba. Na ce ba komai, haka kike. Na ba ki abu ɗaya. Ɗaya."

"Wallahi ban yi da gangan ba. Maganina ne ya..."

"Ya ɓace. Na sani. Komai naki ɓacewa yake yi." Doguwa ta rataya jakarta. "Na yarda kina da ciwo. Amma mutum in ya damu da abu, yana riƙe shi. Ni dai na gane matsayina."

Ta koma benci na gaba. Mantau ta ci gaba da zama ita kaɗai a na baya, ba wanda ya zo ya cike gurbin.

Jarabawa ta zo ta wuce a kanta. A wata takarda ta amsa tambaya ɗaya da kyau har ta cika shafuka, aka ce a ajiye biro tana shirin fara ta biyu. Wata takardar kuma, Mantau ta zo da rana alhali da safe aka yi ta. Ta tsaya a gaban zauren da babu kowa sai mai shara, ta kasa tambayarsa komai, ta juya. Da sakamako ya fito aka ce sai ta maimaita aji. Mama ta gaya wa maƙwabta cewa yarinyar dai ba ta da kan karatu, kowa da abin da Allah ya ba shi.

Wata ranar Lahadi da hantsi Mama tana ɗinke rigar Baba, zare ya ƙare mata.

"Mantau, shiga ɗakina ki ɗauko min farin zare a akwatin ɗinki. Zare na ce. Kada ki dawo min da almakashi."

Akwatin yana saman kabad. Ta sauke shi ta buɗe. Zaren yana sama-sama, amma idonta ya riga ya wuce shi, kamar yadda ya saba wuce duk abin da aka aike ta. A ƙasan tsummoki akwai ƙananan kwalabe biyu masu launin ruwan ƙasa. Ɗaya cike da maɓallai, ɗaya da allurai. An kankare takardar da ke jikinsu, amma ba ta fita duka ba. A jikin ta maɓallan ana iya karanta rabin sunanta na gaskiya, da kalmar "safe".

Mama ba ta iya zubar da kwalba mai kyan murfi. Duk gidan an san ta da wannan.

Mantau ta fito falo da kwalba a kowane hannu. Maɓallan suna ƙara a ciki.

"Mama."

Mama ta ɗago, ta gani, ta mayar da ido kan rigar. "Zare na aike ki."

"Ina abin da ke ciki?"

"Na zuba a masai na kora ruwa." Ta faɗa kamar mai ba da labarin wanki. "Kuma ko gobe kika kawo, haka zan yi. Na karanta takardar da ke cikin kwalin. Yana hana barci, yana hana cin abinci. Kina kallon kanki a madubi kuwa lokacin? Ni na haife ki, ba likita ba."

"Da kin faɗa min."

"In faɗa miki ki sake saya ki kai shago ki ɓoye? Matar mai kanti ta gan ki zaune a layin masu ciwon ƙwaƙwalwa, har gida ta zo yi min jaje. Jaje! Kina da ƙanne a bayanki. Kina so a riƙa nuna gidan nan da baki?"

"Kina tsaye a bakin ƙofa ina nema, Mama. Na tona shara da hannuna. Kina kicin Baba yana tambayata, kina ji."

Mama ta soka allura a rigar ta zaro, ko da yake babu zare a jikinta. "To ai ke ma kin yarda ke kika ɓatar. Da ba halinki ba ne, da kin yarda?"

Baba ya fito daga ɗaki, ya ji ƙarshen maganar. Mantau ta juya wurinsa da kwalaben, tana jiran ta ga mamaki a fuskarsa. Babu.

"Ni na ce ta zubar," ya ce. "Mu da muka tashi babu wannan ciwon, mun mutu? Natsuwa ce ba ki da ita, kuma natsuwa ba a sayar da ita a kwalba."

"Kuma ka tambaye ni ina maganin."

"Don ki ji a jikinki. Kin ji kuwa, tunda ba ki sake saya ba." Ya nuna ta da yatsa. "Maganar nan ta mutu a falon nan. Uwarki ce. Duk wanda ya tona asirin uwarsa a waje, kansa ya tona."

Yaya, wanda katin ke aljihunsa, ya ce, "Ni fa ba ruwana," ya fita.

Mantau ta mayar da kwalaben cikin akwatin, ta kawo zaren. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ba fushi ta ji ba. Kunya ta ji, irin wadda mutum ke ji idan ya buɗe ƙofa ya tarar da babba ba sutura. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Doguwa, "Ba ni na ɓatar ba." Ta kalli kalmomin, ta hango tambayar da za ta biyo baya, ta goge.

Asibiti suka kira a satin suna tambayar abin da ya hana ta zuwa, ta ce maganin ya sake ɓacewa. Likita yana son ganinta, kuma tunda magani ya ɓace sau biyu, ta zo da wani daga gida. Mama ta ce ita za ta je. Ta sa kayanta na fita, ta fesa turare, a layin jira ta zauna nesa da sauran marasa lafiya ta rungume jakarta.

A ofis Mama ta gaishe da likita da ladabi, ta tambayi iyalinsa, ta gode masa kan ɗawainiya.

"Likita, ai muna fama. Wannan da kake gani, ko kanta da ba a jikinta yake ba, da tuni ta manta shi a mota."

Likita ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya juya ga Mantau.

"Dole in tambaye ki, kuma ki gaya min gaskiya. Maganin nan wasu na sayarwa, wasu na ba abokai. Wani lokaci kuma wani ne a gida yake ɗauka. Ba zan yi miki faɗa ba. Me ya faru da shi?"

Fanka tana juyawa a sama. Mantau ta ji kafaɗar Mama tana taɓa tata. Ta kalli hannayen Mama a kan jaka, hannayen da suka yi mata wanka, suka yi mata kitso, suka kwana a goshinta lokacin zazzaɓi. Babban yatsan yana murza maɗaurin jakar, yana murzawa. Kalma kaɗan ce, kuma tana bakinta. Ta hango fuskar likita tana juyawa ga Mama, ta hango tafiyar komawa gida, ta hango falo.

"Ni na ɓatar," ta ce.

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Bai yi mamaki ba. Ba wanda ya taɓa mamakin jin haka daga bakinta. Ya yi rubutu, ya cire tabarau ya murza ido.

"To ga abin da za mu yi. Ba zan hana ki magani ba, kina buƙatarsa, kuma na ga yadda ya taimake ki. Amma ba zan ƙara damƙa shi a hannunki ba." Ya yage takardar ya miƙa ta ƙetaren tebur, ta wuce gaban Mantau. "Mama, ke za ki riƙe. Ki kulle shi a inda ke kaɗai kika sani, ki ba ta ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ba kowa ke samun uwa mai rako shi nan ba."

Mama ta karɓa da hannu biyu. "In Allah ya yarda, likita. Ai ɗa na kowa ne, balle wanda ka haifa."

Ta ninke takardar ta sa a jaka ta ja zif. Suka bi doguwar barandar asibitin, suka wuce tagar da ake karɓar magani, inda mutane ke tsaye a layi. Mama ba ta rage sauri ba. Mantau ta ɗan tsaya, ta kalli layin, sannan ta bi bayanta.

A bakin titi, suna jiran mota, Mama ta gyara mata wuyan riga, ta kaɗe mata wani zare daga kafaɗa. Idonta ya yi ja, muryarta ta yi laushi irin wanda Mantau ta daɗe ba ta ji ba.

"Kin rufa min asiri," ta ce. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Mantau ta buɗe baki. Abin da aka koya mata tun tana ƙarama shi ya fito.

"Amin, Mama."

Mota ta tsaya. Mama ce ta biya kuɗin su biyun.